ADHD: kalmar da masu tallar gem ɗin lissafi suka yi wa hawan ƙawara

Haruffa huɗu ne, taƙaitawar sunan Turanci Attention Deficit Hyperactivity Disorder, amma sun cika Facebook da TikTok. Wadda ta manta tukunya a kan wuta ta ce ADHD ce, wanda ya kasa gama karanta shafi biyu ya ce shi ma ita ce. A wasu shirye-shiryen lafiya kuma sai ka ji an fassara ta da "cutar rashin mai da hankali". Daga wannan fassarar ruɗanin ya faro, kuma a kanta masu sayar da manhajojin koyar da lissafi suke gina tallarsu.

A taƙaice, larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, tana samun kusan yara 5 cikin 100. Ba a tabbatar da ita don yaro yana da ƙiriniya kawai. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2013 ta ce sai an ga alamomi 6 cikin 9 na ɓangaren tarwatsewar hankali ko na rawar kai da gaggawa, sun daɗe wata 6, wasu sun fara kafin shekara 12, kuma suna bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Sunan kansa sabo ne, a 1987 ya samu wannan siffar. Tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya bayyana irin waɗannan yara, sai dai ya ɗora abin a kan raunin kame kai ta fuskar ɗabi'a. Wato abin da maƙwabta ke kira rashin tarbiyya ke nan, kuma sama da shekara ɗari ba a gama kankare wannan zargin ba.

Harafin D na farko shi ne mai laifi. Yana wakiltar kalmar Turanci deficit, wadda ake fassarawa "giɓi" idan ana maganar kasafin kuɗi. Giɓin kasafi kuwa yana nufin kuɗin bai kai ba. Sai mai sauraro ya ɗauka hankalin yaron ne bai kai ba, kamar an auna masa rabin mudu. Daga nan uba zai ce, "Ƙarya ne, wannan yaron da yake awa uku a kan gem ko ƙiftawa ba ya yi?" Uban bai yi ƙarya ba, sunan ne ya yaudare shi. Kuɗin yana nan cikin asusu, ma'aji ne babu. Hankalin yaron yana zuba inda abu yake sabo, mai motsi, mai ba da lada nan take, kuma yana da wuya ya janye shi da kansa ya kai shi inda ladan yake nesa. Awa ukun nan a kan gem ba hujja ba ce cewa lafiyarsa lau, tana ma iya zama ɗaya daga cikin alamomin.

Ɗauki bakwai sau takwas. Yaron da bai haddace amsar ba zai hau tsani: 7, 14, 21, 28, 35, 42, 49, 56. Yana hawa yana riƙe da ƙirga biyu a kansa, jimillar da ya kai da kuma matakala ta nawa yake. Wannan riƙon na wucin gadi shi ne inda yara da yawa masu ADHD suke da rauni. Babur ya yi ham a waje, ƙirga ɗaya ta zube, ya tsaya a 49 ko ya zarce 63. Ko kuma gaggawa ta sa ya ce 54, domin 54 da 56 maƙwabta ne a ƙwaƙwalwa, ɗaya amsar shida sau tara, ɗaya ta bakwai sau takwas. Malami ya ga kuskure, ya ce daƙiƙi ne. Alhali yaron ya fahimci ma'anar ninkawa sarai, hanyar ce ta yi masa tsawo. Shi ya sa haddace jadawalin sau ya fi yi masa amfani fiye da sauran yara: amsar da ke fitowa kai tsaye ba ta buƙatar riƙo. (Wanda bai ma gane cewa 8 ta fi 7 yawa ba sai ya ƙirga yatsu, tasa matsalar daban ce, sunanta diskalkuliya. Sukan haɗu a yaro ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne.)

A nan manhaja take da amfani na gaske, domin tana ba da abin da rera jadawali a aji ba ya bayarwa: tambaya ɗaya, amsa ɗaya, hukunci nan take. Sai dai yawancin abin da ake liƙa wa tambarin "don masu ADHD" gem ne kawai da aka yayyafa wa lissafi. Gwajin mai sauƙi ne. Zauna kusa da yaron minti 5 ka ƙirga tambayoyin da ya amsa. Idan bai wuce 5 ko 6 ba, sauran lokacin ya tafi wajen saya wa jarumin gem hula da takobi, to hankalinsa ya zuba, amma ba kan lissafi ba.

Sai a duba yadda ake amsawa. Manhajar da ke jera amsoshi 4 a zaɓi ɗaya tana koya wa mai gaggawa canki-canka: ko da ido rufe zai dace da kusan ɗaya cikin huɗu, ya samu tauraro. A nemi wadda yaro zai buga lambar da kansa. Idan ya yi kuskure, ta nuna masa cikakkiyar amsa nan take, ta sake kawo tambayar bayan biyu ko uku. Wadda take yin ƙara kawai ta wuce ba ta gyara komai ba.

Agogo mai ƙirgawa baya ma abin lura ne. A Ingila ɗaliban aji huɗu suna yin gwajin jadawalin sau na ƙasa a kwamfuta, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6, kuma manhajoji irin su Times Tables Rock Stars suna da sashen da ke horarwa kan sauri. Sauri yana da amfani bayan amsa ta zauna. Kafin ta zauna, agogo yana ƙara wa mai gaggawa gaggawa ne. A kashe shi a makonnin farko, daga baya yaro ya riƙa tsere da lokacinsa na jiya.

Yawan abin haddar ma bai kai yadda ake tsoro ba. Daga 1 zuwa 10 akwai tambayoyi 100, amma tunda uku sau takwas da takwas sau uku abu ɗaya ne, sun koma 55. Cire gidan 1, 2, 5 da 10, saura 21. A saita manhajar kan waɗannan, a shigar da sabuwa ɗaya tak a cakuɗa ta da tambayoyi kamar 8 ko 9 da ya riga ya sani, don ya riƙa cin nasara yana gamuwa da mai wuyar jefi-jefi. Minti 10 kullum ya fi awa guda ranar Asabar. A kashe data da sanarwar waya, a maƙale manhajar a fuskar wayar yadda ba zai fice zuwa YouTube ba. Android da iPhone duk suna da wannan saitin. A faɗa masa tun farko cewa zagaye uku ne, don rigimar karɓe waya takan fi ta lissafin zafi. Sau ɗaya a mako a yi tambayoyin a takarda ko da baki, domin akwai yaron da ke cin komai a gem amma ya daskare a gaban allon aji.

Kalmar "magani" a cikin talla ita ce ta fi ban haushi. Gaskiya ne a watan Yuni na 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani gem, EndeavorRx, wanda a lokacin likita ke rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 masu ADHD, ana yin sa kamar minti 25 a rana, kwana 5 a mako. Amma ba ya koyar da lissafi ko kaɗan, kuma an amince da shi ne a matsayin ƙari kan sauran kulawa, ba madadinta ba. Manhajar jadawalin sau da ta aro wannan labarin ta manna a tallarta ba ta bi ta wannan tantancewar ba. Iyakar abin da za a iya nema a wurinta shi ne yaro ya ji bakwai sau takwas ya ce 56 ba tare da ya hau tsani ba.