Kasafin Kuɗin Jihohin Najeriya da Kason Ilimi

Kasafin kuɗin jiha shi ne ƙiyasin da gwamnatin jiha ke yi a kowace shekara na kuɗin da take sa ran samu da yadda za ta kashe su. A Najeriya, sashe na 121 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamna alhakin gabatar da shi gaban majalisar dokokin jiha. Ana raba abin da za a kashe gida biyu: kuɗin gudanarwa na yau da kullum, kamar albashi da fansho, da kuma kuɗin manyan ayyuka, kamar gina ajujuwa, asibitoci da hanyoyi.

Mafi yawan jihohi 36 na ƙasar sun dogara ne ga kason da suke karɓa daga asusun tarayya, wanda kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, ke rabawa kowane wata. Bisa tsarin da ake bi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60, bayan an ware wa jihohin da ake haƙo mai a cikinsu kashi 13 na kuɗin man. Harajin VAT da ake ɗorawa kan sayen kayayyaki da ayyuka, wanda aka ƙara daga kashi 5 zuwa 7.5 a shekarar 2020, yana da nasa tsarin rabon daban. Sauran kuɗin shi ne abin da jiha ke tarawa a cikin gida, kuma galibinsa harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata ne. Legas ta yi wa kowa fintinkau a wannan fanni, amma jihohi da dama, musamman a Arewa, abin da suke tarawa ba ya isar su biyan albashi kaɗai, saboda akasarin jama'arsu manoma ne da 'yan kasuwar da ba su cikin rajistar haraji.

Daga wannan dogaro ne babban haɗarin yake fitowa, domin jiha tana tsara kasafinta ne a kan abubuwan da ba ta da iko da su: farashin gangar ɗanyen mai a kasuwar duniya, yawan man da ake haƙowa a Neja Delta, da darajar naira. Da farashin mai ya faɗi daga tsakiyar 2014, jihohi da yawa sun kasa biyan albashi na watanni, har sai da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba su rancen ceto a 2015. A 2020 ma annobar korona ta tilasta musu zaftare kasafinsu a tsakiyar shekara. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da barin kasuwa ta tantance darajar naira a watan Yuni, kuɗin da ake rabawa ya ƙaru sosai a lissafin naira, sai dai hauhawar farashi ta cinye wani kaso mai yawa na ƙarin, bashin waje da ake biya da dala ya ƙara nauyi, sannan mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun ɗaga kason jihohi na VAT daga kashi 50 zuwa 55, amma sun yafe haraji ga masu ƙaramin albashi, waɗanda su ne mafi yawan masu biya a jihohi marasa manyan kamfanoni.

Ilimi ne ya fi jin jiki idan kuɗi suka yi ƙasa. Albashin malamai ba ya jira, don haka abin da ake fara dakatarwa shi ne gyaran ajujuwa, sayen kujeru da littattafai, da ɗaukar sababbin malamai. Wannan ne ya sa kason da aka rubuta wa ilimi a kasafi ba ya nuna haƙiƙanin abin da ya isa makarantu, sai an duba rahoton aiwatar da kasafi an ga nawa aka saki. Ana yawan cewa UNESCO ta ba da shawarar ware wa ilimi kashi 26 cikin ɗari na kasafi, amma abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na duniya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Wasu jihohin sun zarce wannan a takarda: Kano, inda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ta ware wa fannin kusan kashi 30 a kasafin 2024 da na 2025.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekaru tara na karatu kyauta, ta kuma ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Babban ɓangare na wannan kuɗi tallafi ne da jiha ba ta samu sai ta ajiye kwatankwacinsa ta hannun hukumarta ta ilimin bai-ɗaya, SUBEB. An yi tsarin ne don a zaburar da gwamnoni, amma sakamakonsa shi ne biliyoyin naira sun sha zama jibge a Abuja alhali yara na karatu zaune a ƙasa, kuma ba koyaushe ne rashin kuɗi ke jawo hakan ba. Sau da yawa fifiko ne aka ba wasu ayyukan da suka fi ɗaukar ido.

Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke kula da shi. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sake tayar da tambayar wanda zai ɗauki wannan nauyi, kuma ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana adawa da barin albashin mambobinta a hannun shugabannin ƙananan hukumomi, saboda bashin albashi da malamai suka sha bi a lokutan da aka gwada hakan a baya.