Wai mene ne sof kofi, kuma naka ne da gaske?

Yanzu ko neman aiki za ka yi sai ka ji an ce "turo sof kofi ta WhatsApp". Sof kofi dai shi ne duk takarda ko littafi ko hoton da ke zaune cikin waya ko kwamfuta ko memori, kana gani kana karantawa amma ba ka iya riƙe shi a hannu, in aka buga shi a takarda ya zama had kofi kenan. Yawanci a PDF yake zuwa, tsarin da kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 don shafi ya fito iri ɗaya a kowace na'ura.

Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Yalwa a Bauchi sun fi kowa sanin daɗinsa, da sai an yi layi wajen mai fotokofi, yanzu wakilin aji ya jefa handawut, wato takardun darasi, a guruf ɗin WhatsApp shi kenan kowa ya samu.

Amma fa mallaka ta canza. Da in ka shiga ɗakin malami a cikin garin Bauchi ka ga littattafai jere a kanta da kwalin kaset na tafsirin azumi, ka san shekaru aka yi ana tarawa, kuma in ya ba ka aron ɗaya to babu shi a wajensa sai ka mayar. Sof kofi kuwa ka tura wa mutum ɗari naka yana nan, shi ya sa marubutan Hausa masu sayar da littafi ta waya ke kuka, mutum ɗaya ya biya gobe ka ga littafin yana yawo a guruf-guruf kyauta. Mu kuma sai tarawa, waya cike da littattafan da ko buɗewa ba a yi ba.

Sannan sof kofi iri biyu ne. Akwai wanda ka sauke yana cikin memorinka, wannan in ka ajiye shi a wuri biyu ko uku ka tsira ko waya ta faɗa ruwa. Akwai kuma wanda ke kulle cikin manhaja, wannan izinin karantawa kawai ka saya. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai na intanet, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, kuɗinsu aka mayar musu. Kuma ranar rabon gado, littafin kanta ana ganinsa a raba, na cikin waya kuwa in mamaci bai bar wa kowa fasuwod ba sai dai haƙuri.