Ra'ayin mazan jiya a Amurka

Ra'ayin mazan jiya a Amurka tafarkin siyasa ne da ke son gwamnatin tarayya ta janye hannu daga harkar kasuwa, a rage haraji, a kuma kare iyali, addini da al'adun da aka gada. Jam'iyyar Republican ce gidansa. Mabiyansa ba bakinsu ɗaya ba: akwai masu son a bar kasuwa ta yi halinta, akwai Kiristoci masu riƙo da addini, akwai masu kishin ƙarfin soja. Mujallar National Review, wadda William F. Buckley ya kafa a 1955, ta yi ƙoƙarin tara su a inuwa ɗaya. Barry Goldwater ya yi takarar shugaban ƙasa da wannan aƙida a 1964 ya sha mummunan kaye, sai a 1980 Ronald Reagan ya yi nasara da ita.

Haraji

A nan ne ɓangarorin suka fi jituwa. Hujjar da suka dogara da ita, wadda ake jingina wa masanin tattalin arziki Arthur Laffer, ita ce: idan haraji sifili ne gwamnati ba ta samun komai, idan kuma ya kai kashi 100 cikin ɗari ba wanda zai yi aiki, don haka akwai matakin da in aka wuce shi, ƙarin haraji rage kuɗin shiga yake yi. Gardamar duk a kan inda matakin yake ne.

Dokar 1981 ta sauke harajin masu samun kuɗi mafi yawa daga kashi 70 zuwa 50, ta 1986 kuma ta kai shi 28. Wannan kaso ba a kan dukkan abin da mutum ya samu yake hawa ba, sai a kan abin da ya haura wani adadi. Tattalin arziki ya farfaɗo, amma bashin ƙasa ya kusan ninka sau uku a mulkin Reagan, domin an rage haraji ana kuma ƙara kashe kuɗi kan soja. Shi kansa ya sa hannu kan ƙarin haraji a 1982.

A 1986 ƙungiyar Americans for Tax Reform ta Grover Norquist ta fito da takardar alkawarin ƙin ƙara haraji, wadda 'yan takara ke sa wa hannu. George H. W. Bush ya yi wa masu zaɓe irin wannan alkawari a 1988, ya saɓa a 1990, ya faɗi zaɓe a 1992. Jihar Kansas ta gwada ragi mai zurfi a 2012 ƙarƙashin gwamna Sam Brownback. Giɓin kasafi ya matse makarantu da hanyoyi, har majalisar jihar, wadda 'yan Republican ke da rinjaye a cikinta, ta soke mafi yawan ragin a 2017. A shekarar ce Donald Trump ya sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21.

Finafinai da kafafen watsa labarai

Ƙorafin masu ra'ayin mazan jiya daɗaɗɗe ne: Hollywood, jami'o'i da manyan jaridu suna hannun masu sassaucin ra'ayi, suna kuma raina aure da addini. Mai wa'azin Kirista Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979 don kai wannan koke rumfar zaɓe. Da hukumar sadarwa ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin jin ta bakin kowane ɓangare a 1987, sai masu ra'ayin mazan jiya suka gina nasu kafafen: shirin rediyon Rush Limbaugh ya game ƙasa a 1988, Fox News ta buɗe a 1996.

A nan kuma ɓarakar cikin gida take. Finafinan da masu addini ke kuka da su kamfanoni ne ke yin su don riba, masu kishin kasuwa kuwa ba sa son gwamnati ta gaya wa kamfani abin da zai sayar.