Yadda zuriyar ƙane ta gaji sarautar gidan Medici

Daga ina gidan Medici ya rabu biyu?

Daga 'ya'yan Giovanni di Bicci, wanda ya kafa bankin gidan a birnin Florence na Italiya a 1397. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Cosimo da ƙanensa Lorenzo. Zuriyar Cosimo ce ta riƙe mulkin gari, har ta fitar da Fafaroma Leo na 10. Zuriyar ƙanen ta daɗe a gefe.

Me ya ɓata tsakaninsu?

Dukiyar marayu. Da Pierfrancesco, ɗan Lorenzo, ya rasu a 1476, ya bar yara biyu, Lorenzo da Giovanni, a hannun babban ɗan'uwansu Lorenzo il Magnifico, jikan Cosimo. Da banki ya shiga matsi, sai ya sa hannu a gadonsu. Yaran suka girma suka nemi haƙƙinsu, aka yi sulhu a 1485 aka ba su filaye da gidan gona na Cafaggiolo. A ganina, wannan cin amana ne da bai kamata sunan da Lorenzo il Magnifico ya yi ya sa a manta da shi ba. Da mutanen Florence suka kori babban ɗakin a 1494, 'yan'uwan nan biyu sun bi bayan jama'a, suka ɗauki laƙabin Popolano, wato na talakawa.

To yaya sarauta ta dawo hannunsu?

Ta hanyar aure da kuma jini. Giovanni ɗan Pierfrancesco ya auri Caterina Sforza, suka haifi mayaƙin nan Giovanni dalle Bande Nere. Shi kuma ya auri Maria Salviati, jikar Lorenzo il Magnifico, don haka ɗansu Cosimo ya haɗa ɗakunan biyu. A 1537 Lorenzino, shi ma ɗan ƙaramin ɗakin, ya kashe sarki Alessandro na babban ɗakin, wanda ke mulkin Florence a lokacin. Manyan gari suka naɗa Cosimo yana ɗan shekara 17, suna zaton za su juya shi yadda suke so. Ya fi ƙarfinsu. Ya ci birnin Siena da yaƙi a 1555, kuma a 1569 Fafaroma Pius na 5 ya ba shi sarautar babban sarkin Tuscany, yankin da Florence take ciki.

Ina zuriyar ta ƙare?

Gian Gastone, sarki na ƙarshe daga wannan zuriya, ya rasu a 1737 ba magaji. 'Yar'uwarsa Anna Maria Luisa ta yi yarjejeniya cewa zane-zane da kayan tarihin gidan ba za su bar Florence ba. Su ne mutane ke zuwa kallo a gidan tarihi na Uffizi da ke Florence har yau.