Gida mai tarihi a Ingila ba lallai ya zama na gwamnati ba

Mutane da dama suna ɗauka cewa da zarar an saka wani katafaren gidan ƙauye na Ingila cikin jerin gine-ginen tarihi, to ya zama mallakar gwamnati, ita za ta riƙa gyara shi. Ba haka abin yake ba.

A dubi gidan Highclere da ke Hampshire. Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya, shi ya sake masa fasali daga 1842, kuma yana mataki na ɗaya, mafi daraja a jerin. Amma har yau iyalan Carnarvon ne ke da shi, suna zaune a ciki, kuma idan rufin ya yi yoyo su ne ke neman kuɗin gyara. Abin da ya sa suke buɗe shi ga masu yawon buɗe ido ke nan.

Abin da shiga jerin ke kawowa shi ne takunkumi. Mai gida ba zai sauya taga, ko rushe bango, ko cire tsohon murhu a cikin ɗaki ba, sai ƙaramar hukuma ta ba shi izini. Yin hakan ba izini laifi ne da kan iya kai mutum kurkuku. A ganina wannan nauyi ne babba a kan mutum ɗaya, ko da yake takunkumin ne ya ceci gidaje da yawa daga rusau bayan dokar tsara birane da ƙauyuka ta 1968.

Ita ma National Trust, mai kula da gidaje masu tarihi da yawa a Ingila, da aka kafa a 1895, ƙungiyar agaji ce mai zaman kanta, ba ma'aikatar gwamnati ba.