Waiwaye: Abin da ya fara cin Junior dos Santos tun kafin Ngannou

Duk sanda wani tsohon zakaran UFC, babban kamfanin shirya damben keji, ya dawo fage bayan an ɗauka ya aje safar hannu, sai gardamar nan ta sake tashi tsakanin masu bin damben keji: yaushe ya kamata ɗan dambe ya haƙura, kuma wa zai gaya masa? Da wuya a yi wannan gardama a watse ba a ambaci Junior dos Santos ba, ɗan Barazil ɗin nan da ake kira Cigano. Wasu na cewa Francis Ngannou na Kamaru ne ya gama da shi a 2019. Wasu su ce ina, ai Ngannou mushe ya tarar, Cain Velasquez ne ya cinye shi tun a 2013. Akwai kuma masu cewa ba kowa ba ne, shekaru ne kawai, kuma tunda har ya ci kambun damben da ba safar hannu a 2024 yana ɗan shekara 40, a ƙyale bawan Allah ya nemi abincinsa.

Kowannensu da ƙamshin gaskiya a bakinsa. Sai dai dukkansu abin da kyamara ta ɗauka suke kallo. Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen 2012, ba a cikin keji ba, wanda aka yi ta maganarsa na 'yan makonni sannan aka watsar, kuma a ganina daga nan labarin ya karkata.

Farkon tafiyar sananne ne. An haife shi a 1984 a Caçador, wani gari a jihar Santa Catarina da ke kudancin Barazil, a gidan da ba wadata. Ya yi tallan askirim yana yaro, ya yi aikin kai abinci a gidan cin abinci, bai fara koyon faɗa gadan-gadan ba sai da ya kai shekara 21 a birnin Salvador, inda koci Luiz Dórea ya gyara masa hannu, fitaccen ɗan damben keji Antônio Rodrigo Nogueira kuma ya ja shi a jiki. A Oktoban 2008 ya shigo UFC ba wanda ya san shi, ya kwantar da Fabrício Werdum da naushin ƙasan haɓa kafin a cika minti ɗaya da rabi. Daga nan sai Stefan Struve, Mirko Cro Cop, Gilbert Yvel, Gabriel Gonzaga, Roy Nelson, Shane Carwin. Ranar 12 ga Nuwamba 2011 a Anaheim ta Amurka ya karɓe kambun ajin masu nauyi daga hannun Velasquez cikin daƙiƙa 64, ya kuma kare shi a kan Frank Mir a watan Mayun 2012. Dambe tara, nasara tara.

Wani ɗan bayani ya biyo bayan daren Anaheim, wanda a lokacin yabo ya jawo masa: ashe ya shiga damben ne da yagaggen guringuntsi a gwiwa, sai daga baya aka yi masa aiki. Mutane suka ce ka ji namiji. Shi ma, kamar kowane ɗan dambe da ya taso daga babu, darasin da ya ɗauka ke nan, cewa jiki abin tilastawa ne, in ka matsa masa zai bi.

Sai 29 ga Disamba 2012 a Las Vegas, karo na biyu da Velasquez. Wanda ya kalli damben zai tuna yadda tun a turmin farko naushin dama ya kai Cigano ƙasa, da yadda daga nan hannayensa suka sauko gefen cinya suka ƙi komawa sama. Ya riƙa jingina da ragar keji yana buɗe baki yana neman iska. An kayar da shi sau 11, an lissafa manyan duka 111 da suka same shi, kuma bai faɗi faɗuwar ƙarshe ba har aka cika minti 25. Alƙalai uku suka ba Velasquez nasara da maki 50-45, 50-44 da 50-43. Fuskarsa ta kumbura har sai an lura a gane shi.

Abin da ba a gani a talabijin ba shi ne abin da ya biyo baya. Bayan damben fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Da aka auna jininsa sai aka gano larurar da likitoci ke kira rabdomayolisis, watau narkewar tsoka. Shi da kansa ya bayyana hakan a 2013, ya ce ya wuce gona da iri a atisaye, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tun kafin ranar dambe, ya kuma ci gaba da dukan jikin har ya shiga keji a ragargaje.

Ya kamata a tsaya a fahimci mene ne wannan larura, domin a nan mutane da yawa suka yi mata kallon gajiya kawai. Duk atisaye mai tsanani yana ɗan yayyaga zaren tsoka, hutu da abinci su ɗinke shi, ya dawo da ƙarfi fiye da da. Haka ƙarfi ke samuwa. To idan ana yagawa safe da yamma ba a bar lokacin ɗinki ba, sai ƙwayoyin tsokar su fara fashewa suna zubar da abin da ke cikinsu a jini. Daga ciki akwai wani furotin mai suna mayogulobin, wanda shi ke riƙe iskar oksijin a tsoka. Idan ya yi yawa a jini sai ya taru a ƙoda, ya toshe ƙananan hanyoyin tacewa, shi ne yake rina fitsari. Idan abin ya yi tsanani ƙoda kan tsaya da aiki, sinadarin fotasiyam da ya zubo kuma yana iya rikita bugun zuciya. Ƙarancin ruwa a jiki da zafi suna ƙara ta'azzara shi, kuma Salvador gari ne na zafi da gumi, Disamba ma a can lokacin zafi ne. Likitoci na gane larurar ta hanyar auna wani sinadari da ake kira CK a jini. Idan ya ninka iyakar da aka saba kamar sau biyar, sun fara zarginta. An san ta a wurin sabbin kuratan soja da masu gudun dogon zango. A wurin mutumin da ya kai kusan kilo 108, mafi yawansa tsoka, abin da zai narke ɗin ma ya fi yawa.

Yanzu a sake kallon damben Las Vegas da wannan a zuciya. Mutumin da tsokarsa ta riga ta gaji ba zai iya ɗaga hannu ya kare kansa ba, ba zai iya zamewa ba, ƙafarsa ba za ta fitar da shi daga lungu ba. Amma taurin rai ba a tsoka yake ba, shi yana nan daram. Sai aka samu haɗin da ya fi kowanne muni a wannan sana'a: ba ya iya karewa, kuma ya ƙi faɗuwa. Da a turmin farko aka gama da shi, da duka goma ko ashirin ya sha ya tafi gida. A maimakon haka kansa ya karɓi duka na minti 25.

Yadda aka karɓi labarin shi ne ya fi damuna. Magoya bayan Velasquez suka ce uzuri ne, wanda aka doke ba ya rasa abin faɗi. Magoya bayan Cigano kuma suka yi murna, suka ce ashe ba fin ƙarfinsa aka yi ba, ciwo ne, a gyara atisaye a dawo. An kuwa gyara: aka riƙa bin jininsa da awo a sansanin atisaye, ana rage aiki idan adadin ya hau. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ba kowane ɗan dambe ke yin haka a lokacin ba. Amma ka ga ɓangarorin biyu duk a kan tambaya ɗaya suka tsaya, wato wa ya fi wani. Kusan ba a ji mai tambayar wata nawa ya kamata mutum ya huta bayan tsokarsa ta narke, ƙodarsa ta wahala, ya kuma sha duka sama da ɗari a dare ɗaya ba. Awon CK zai gaya maka tsoka ta warke. Ba ya cewa komai game da ƙwaƙwalwa.

Wata biyar bayan nan, 25 ga Mayu 2013, yana cikin keji da Mark Hunt, ɗaya daga cikin masu nauyin hannu a tarihin wasan. Ya ci damben a turmi na uku, ya juya ya sheme Hunt da dunduniya, kuma wannan kyakkyawan bugu ya rufe bakin duk mai shakka. Wata biyar kuma, 19 ga Oktoba a Houston, karo na uku da Velasquez. A turmi na uku aka kai shi ƙasa, ya tashi a rikice, aka ci gaba. Likita ya duba shi, aka ci gaba. Sai a turmi na biyar, bayan kan Cigano ya bugi daɓen keji yana ƙoƙarin shaƙe wuyan Velasquez, aka tsayar. Daga baya mutanen sansaninsa suka ce bai tuna yawancin damben ba, yana tsammanin a turmi na biyu aka gama.

Ga lissafin da ba a cika yi ba. Dambensa tara na farko a UFC, daga Werdum zuwa Mir, cikin shekara uku da rabi, in ka tara lokacinsu gaba ɗaya bai cika awa guda ba, kuma a mafi yawansu shi ke bugu. Dambe ukun da ya yi daga Disamba 2012 zuwa Oktoba 2013, cikin ƙasa da wata goma, sun haura awa guda, kuma minti 48 daga ciki a hannun Velasquez ya yi su. Masu cewa Houston ce ta cinye shi ba su yi ƙarya ba, amma Houston ta uku ce a jerin, kuma jerin ya fara ne da jikin da ya iso Las Vegas a ragargaje daga atisaye.

Ba ina nufin da ya huta da ya ci Velasquez ba. Karo na uku, da jini a aune da komai, ya nuna cewa salon Velasquez na manne mutum da raga da hana shi numfashi ya fi ƙarfin salon Cigano. Maganar ita ce nawa aka biya kafin a gane hakan, kuma me ya sa aka yi ta sauri. Amsar ba ta wajen mutum ɗaya. Sana'a ce da wanda bai shiga keji ba ba shi da abin sawa a aljihu, layin neman kambu ba ya jiran mai jinya, kuma a ɗakunan atisaye na wancan zamani, a Barazil da Amurka duka, damben gwaji kusan dambe ne na gaske, mai neman hutu kuma rago ake ɗaukarsa. Mu 'yan kallo ma da namu kason, don dambe irin na Houston shi muke kira dambe.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Cigano ya karya hannu a 2014, ya dawo a Disamba ya yi wani minti 25 na jini da Stipe Miocic a Phoenix, ya ci da maki. Alistair Overeem ya tsayar da shi a 2015, Miocic ya rama a turmin farko a 2017. Ya yi kusan shekara a gefe kan wani gwajin ƙwayoyi wanda a 2018 aka wanke shi, aka tabbatar gurɓataccen maganin ƙarin kuzari ne. Ya dawo ya ci uku a jere, har da Tai Tuivasa da Derrick Lewis, wanda ke nuna hannun nan na dama bai mutu ba. Haɓar ce ta daina ɗaukar abin da take ɗauka a da. Ngannou ya gama da shi cikin daƙiƙa 71 a Yunin 2019, sai Curtis Blaydes, Jairzinho Rozenstruik da Ciryl Gane, huɗu a jere cikin shekara ɗaya da rabi, duk alƙalin wasa ne ya shiga tsakani. A Maris 2021 suka rabu da UFC. A 2022 kafaɗarsa ta goce yana cikin kai naushi. A 2023 ya sake haɗuwa da Werdum, ba safar hannu, shi yana da shekara 39, Werdum 46.

Masu cewa Velasquez ne ya cinye shi su kan manta su duba Velasquez ɗin. Shi ne ya ci karo na biyu da na uku, shi ake yi wa kirari da numfashin da ba ya ƙarewa, kuma numfashin nan a ɗakin atisaye aka ƙera shi da irin wannan matsin. Bayan daren Houston, yana ɗan shekara 31 kuma yana riƙe da kambu, sau uku kacal ya sake shiga keji: Werdum ya karɓe kambun a birnin Meziko a 2015, ya ci Travis Browne a 2016, Ngannou ya gama da shi cikin daƙiƙa 26 a 2019. Sauran shekarun gwiwa da gadon baya da ɗakin tiyata suka cinye su, kuma dambe da dama da aka shirya masa an soke su ne tun kafin ranar, saboda raunin da ya samu yana shiri.