Yawan megafiksel ba shi ne kyan bidiyo ba

Da mai sayen kyamara ya shiga shago, tambayarsa ta farko: "Megafiksel nawa ce?" Megafiksel ɗaya shi ne ƙananan ɗigo miliyan ɗaya da ke haɗuwa su ba da hoto. An daɗe ana ɗauka yawansa ne kyan bidiyo. Ina! Bidiyon 4K, wato mai fitowa tar ɗin nan, megafiksel 8 ne da ɗoriya, na 1080 da ke ƙasa da shi kuwa wajen 2 kacal. To ina amfanin 48 ɗin da aka rangaɗa a kwali?

Abin dubawa shi ne girman ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar. In ƙarami ne, magariba na yi a wajen biki sai fuskar amarya ta cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata gero. Gwada kyamarar a ɗaki mai duhu kafin ka biya, ka kuma saurari sautin, don nan ƙananan kyamarori suka fi ba da kunya.